Dominika: Gahawa na kan wuta a kowane gida, gonarta kuwa tana tsufa

A gidan mutumin Jamhuriyar Dominika, kafin a share tsakar gida, kafin yara su wartsake daga barci, akwai wata 'yar butar alminiyam da ake ɗorawa a kan wuta. Greca suke ce mata. Hawa biyu ce: a cika gindinta da ruwa, a ɗura garin gahawa a wani ɗan mazurari da ke tsakiya, a murɗa saman a rufe gam. Idan ruwan ya tafasa sai tururi ya tura shi sama ta cikin garin, ya fito baƙi wuluk, butar tana gurnani kamar tsoho mai minshari. Wannan gurnanin shi ne carar zakaran gidan. Sai a zuba a ƙananan kofuna da ba su wuce kurɓi uku ba, a zabga sukari. Wasu matan kan goga 'yar gyaɗar ƙamshi a cikin garin. Yara a haɗa musu da madara su tsoma burodi. Babba da ke son a ɗiga masa madara kaɗan sai ya ce a ba shi medio pollo, wato "rabin kaza", duk da babu abin da ya haɗa abin da kaza.

Baƙo ba a tambayarsa ko zai sha. Ji kawai zai yi an ce bari a tace masa cafecito, 'yar gahawa, kuma ƙin karɓa ba ƙaramin rashin ta ido ba ne, musamman a ƙauye, inda mai yiwuwa ita kaɗai ce abin da mai gidan yake da shi na karrama mutum. Ana sha bayan abincin rana, ana sha da la'asar. A tashoshin mota za ka ga masu yawo da filas suna tsiyaya wa direbobi da fasinja a 'yan kofunan roba. A kantin unguwa, wanda suke kira colmado, ana sayar da garin a ƙananan ƙullin leda daidai tashi ɗaya, don mai ƙaramin ƙarfi. A gidan makoki kuwa, tun daga daren rasuwa har zuwa addu'ar kwana tara da suke yi, butar ba ta sauka daga wuta. Har akwai matan da ke kifa kofin bayan an shanye, su duba zanen da guntun gahawar ya bari su yi wa mutum duba.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ƙasar da ta shafe fiye da shekara ɗari tana sayar wa duniya gahawa, ƙasar da mutanenta ke sha kamar ba gobe, ta wayi gari bayan 2012 tana shigo da fiye da rabin abin da take sha daga waje, daga irin su Biyetnam da Birazil da Honduras. Mai shan cafecito a Santo Domingo, babban birnin ƙasar, yana ganin sunan ƙasarsa a jikin leda, amma ba lallai ƙwayar da ke ciki ta taɓa ganin tsaunukan ƙasar ba. Amsar da aka fi bayarwa ita ce wata cutar ganye ta shigo ta cinye gonaki. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Cutar ta tarar da gida ne ya riga ya tsage, ta tura shi kawai.

Kafin a yi nisa, abu biyu. Na zaɓi in ce gahawa maimakon kofi don kada abin sha ya rikice da mazubinsa. Sannan Dominikar da ake magana a kai ita ce wadda ke raba tsibirin Hispaniola da Haiti a Tekun Karebiyan, mai magana da Sifaniyanci, mai mutane kusan miliyan 11. Ba 'yar ƙaramar tsibirin nan mai kusan suna ɗaya da ita ba.

Gahawa ta shiga tsibirin a ƙarni na 18, amma ba ɓangaren Dominika ba ne ya fara cin moriyarta. Yammacin tsibirin, Haiti ta yau, wanda ke hannun Faransa, shi ne a wajen 1788 yake samar da kusan rabin gahawar duniya, da gumin bayin da aka kwaso daga Afirka. Gabashi a lokacin ƙasar kiwon shanu ce, sai tabar da ƙananan manoma ke nomawa a yankin Cibao. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 gahawa ta zama abin fitarwa na gaske a gabashin, kuma yadda ta bazu shi ne ya tsara duk abin da ya biyo baya. Filayen kwari masu laushi, musamman a gabas wajen San Pedro de Macorís da La Romana, rake ya cinye su, a hannun manyan kamfanoni masu injinan sukari. Talaka da ke neman inda zai kafa fartanya sai ya hau dutse. Can a kan gangaren da garma ba ta hawa, a tsaunukan Cordillera Central da Septentrional da Neiba da Bahoruco, ya sassabe daji ya yi gonar abinci da suke kira conuco, ya dasa gahawa a ciki. Rake ya zama amfanin kamfani, gahawa ta zama amfanin magidanci.

Har yau haka abin yake. Ma'aunin gona a can tarea ne, kuma sai an haɗa kusan 16 kafin a sami hekta ɗaya. Mafi yawan masu gahawa ba su kai tarea 50 ba, wato wajen hekta uku. Kusan duk abin da suke nomawa nau'in arabika ne, ɗan asalin tsaunukan Habasha, mai son sanyi da tsayi, shi ya sa gonakin suke tsakanin mita 600 zuwa wajen 1,400 sama da teku: Jarabacoa, Juncalito, San José de Ocoa, Los Cacaos, Polo a lardin Barahona, Hondo Valle can kusa da iyakar Haiti.

Wanda ya saba ganin gonar gero ko dawa a jere, idan aka kai shi irin wannan gona sai ya ce daji ne. A can sama akwai manyan itatuwan inuwa, guama da amapola, waɗanda ke zubar da ganye su zama taki. Ƙarƙashinsu ayaba da agada, fiya, lemu. Ƙarƙashin waɗannan kuma bishiyoyin gahawa, tsayin mutum ko fiye, ganyensu na sheƙi. A ƙasa gwaza da doya, kaji na tono, wataƙila alade ɗaya a ɗaure. Gonar ita ce rumbu, ita ce kasuwa, ita ce asusu. Ayaba ta ciyar da gida duk shekara, gahawa kuma ta kawo dunƙulallen kuɗi sau ɗaya, wanda da shi ake biyan bashin kanti, a sayi kwanon rufi, a yi wa yara kayan makaranta.

Amma kuɗin nan ba a tsintarsa a ƙasa. Girbi kan fara wajen Satumba a gonakin da ke ƙasa-ƙasa, ya kai har Mayu a masu tsayi. 'Ya'yan ba sa nuna lokaci ɗaya. A reshe guda za ka ga kore, da ɗorawa, da ja jawur. Mai tsinka zai ɗaura kwando ko bokiti a ƙugu, ya dafe gangare da ƙafa, ya zaɓi jajayen ɗaya bayan ɗaya, ya dawo bishiyar nan bayan mako biyu, ya sake dawowa. A ranar da aka tsinka a ranar ake so a ɓare, in ba haka ba ta fara tsami. Sai a zuba a injin ɓara na hannu a yi ta juyawa, ɓawo ya fita gefe, ƙwaya mai yauƙi ta faɗa kwatarniya. A bar ta ta kwana yauƙin ya saki, a wanke, a shanya a daɓen siminti kwanaki ana motsawa da majanyi, ido na kan sama don a lokacin hadari ba ya sallama. Bayan duk wannan, kilo biyar zuwa shida na jajayen 'ya'ya ne ke ba da kilo ɗaya na ƙwayar da ake sayarwa. Inda mota ba ta shiga, alfadari ne ke sauko da buhunan.

Abin da uwar gida ta ware don gida kuwa, shi ne café de pilón, gahawar turmi, wadda 'yan birni ke ambata da kewa. A soya ƙwayar a tukunyar ƙarfe a kan murhun itace ana juyawa da muciya, idan ta kusa sai a watsa sukari ya narke ya lulluɓe ta ta yi baƙi tana ƙyalli. A juye ta huce, a zuba a dogon turmi a kirɓa da taɓarya, maƙwabta na jin sautin sun san yau akwai sabuwa. Ba greca a nan. Mataci ne na ƙyalle mai kama da safa, ɗinke a jikin zoben waya, wanda ya yi baƙi saboda shekaru. A da, idan aiki ya yi wa mutum yawa sai ya kira convite, gayya ke nan, a yi aiki da waƙa, mai gona ya ciyar.

Yanzu a duba abin da ya sami wannan gona cikin shekara ashirin da 'yan kai. Ranar 31 ga Agusta 1979 mahaukaciyar guguwar David ta afka wa kudancin ƙasar, ta kashe mutane kusan 2,000, ta bi ta kan tsaunukan San Cristóbal da Peravia ta kwantar da itatuwan inuwa a kan gahawa. A Yulin 1989 tsarin kaso na yarjejeniyar gahawa ta duniya, wanda ke ƙayyade abin da kowace ƙasa za ta fitar don farashi ya tsaya, ya rushe, farashi ya faɗi warwas. A tsakiyar shekarun 1990 wani ɗan mitsitsin ƙwaro da suke kira broca ya shigo, mai huda ƙwayar ya yi ƙwai a ciki kamar yadda ƙwaro ke yi wa wake. A Satumbar 1998 guguwar Georges ta zo ta maimaita aikin David. A 2001, bayan Biyetnam ta cika kasuwa kuma Birazil ta faɗaɗa nomanta, farashin laba ɗaya ya sauka ƙasa da rabin dala, abin da bai biya ko kuɗin tsinka ba. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, sau biyar a jere.

Me manomi ke yi idan farashi bai biya wahala ba? Ba ya sare bishiyar nan take. Daina kashe mata kuɗi yake yi. Ya daina sayen taki, ya daina datse rassa, ya daina cire tsofaffi yana dasa sababbi. Ya tsinki abin da Allah ya ba shi. Haka aka yi ta tafiya har yawancin gonakin suka zama na tsofaffin bishiyoyin nau'in Typica da Caturra, da yawansu kakanni ne suka dasa, ga yunwa, ga tsufa.

A wannan hali roya ta same su. Kalmar na nufin tsatsa, kuma duk wanda ya juya ganyen da ya kamu zai ga dalili: wani gari ne ruwan lemu a bayan ganyen, kamar tsatsar ƙarfe, yana manne wa yatsa. Funfuna ce, iska da ruwan sama da tufafin masu tsinka ke yaɗa ta. Ba ta taɓa ƙwayar kai tsaye. Ganye take kashewa ya zube, bishiyar da ba ganye kuma ba ta iya ciyar da 'ya'yanta. Su bushe a reshe, baɗi kuma reshen da zai yi fure babu shi. Cuta ce mai tarihi: ita ce daga 1869 ta gama da gahawar Silon, Siri Lanka ta yau, har ƙasar ta koma noman ganyen shayi. Ta tsallaka Birazil a 1970, ta kuma kasance a Dominika tun ƙarshen shekarun 1980 ba tare da ta yi wata babbar ɓarna ba, domin sanyin tsauni yana taka mata birki. Daga wajen 2010 lamarin ya sauya. Ta hau har inda ba ta taɓa hawa ba, ta tsananta a 2012 da 2013, daidai lokacin da take cin gonakin Amurka ta Tsakiya. Masana na danganta hakan da ɗumin dare da ya ƙaru da rikicewar damina. Typica da Caturra ba su da garkuwa daga gare ta ko kaɗan. Maganin feshi akwai, amma sai an fesa kafin ta kama, a maimaita sau da dama, a kan gangare, da famfon goyo, da kuɗin da manomin da ya kasa sayen taki ba shi da su. Gonaki suka koma tsirara, sanduna tsaye. Ƙididdigar hukuma a farkon wannan ƙarni ta nuna masu noman gahawa kusan 50,000. Bayan annobar, adadin da ake ambata bai kai 30,000 ba.

Tambayar da ta fi damuna ita ce wannan: ta yaya manomin da kasuwarsa ke ƙofar gidansa ya talauce haka? Manomin Honduras dole ya jira abin da kasuwar New York ta yanke. Na Dominika kuwa yana da miliyoyin masu sha a gida, waɗanda ba sa fashi. A lissafin takarda wannan garkuwa ce. A aikace garkuwar ta huje ta wurare uku.

Na farko bashi. Kuɗin gahawa sau ɗaya yake zuwa a shekara, ciki kuwa kullum ne. Tsakanin girbi da girbi manomi na karɓar shinkafa da mai da sabulu bashi a kanti, ko ya karɓi kuɗi hannun dillali. Akwai abin da suka daɗe suna kira sayarwa a la flor, wato a fure: bishiya na cikin fure, 'ya'ya ba su ko ƙulla ba, mutum ya sayar da girbin a farashin da mai kuɗi ya ga dama, saboda yaro na kwance ba lafiya. Ranar da gahawa ta nuna, ta riga ta zama ta wani. Me ya hana shi zuwa banki? Takardar gona. Da yawan filayen tsauni gado ne da ba a taɓa raba shi a hukumance ba, ko filin gwamnati da kaka ya sassabe ya zauna, wasu ma daga baya aka shata gandun daji ya haɗa da su. Wanda ba shi da takarda ba shi da jingina, sai ya koma hannun dillalin da ya san shi.

Na biyu, yawan masu saye. Kamfanin Industrias Banilejas, wanda aka fi sani da Induban, wanda Manuel de Jesús Perelló ya kafa a garin Baní a 1945, shi ke yin garin gahawar da ake kira Café Santo Domingo, kuma shi ke riƙe da mafi girman kaso na kasuwar cikin gida, nesa ba kusa ba. Akwai wasu, kamar Monte Alto na iyalan Ramírez a Jarabacoa, amma ba su kama ƙafarsa ba. Ba laifi ba ne kamfani ya yi ƙarfi, kuma shekara da shekaru shi ne mai sayen da manomi ya tabbata zai samu. Sai dai duk inda dubban masu sayarwa ke fuskantar 'yan tsirarun masu saye, an san wanda ke da bakin magana. Kuma da gonaki suka mutu, masu soyawa ba su rufe injinansu ba. Jirgin ruwa suka jira. Mai shan cafecito, wanda ya saba da gahawa mai soyuwa sosai da sukari mai yawa, bai ji wani bambancin da zai sa ya yi bore ba. Ƙaunar da ɗan Dominika ke yi wa gahawa ta tabbata ƙaunar abin da ke cikin kofi ce, ba ta kai ga gonar ba.

Na uku, hannu. Ɗan manomi ya duba mahaifinsa, ya duba abin da ɗan acaɓa, wanda suke kira motoconcho, ke samu a gari, ya duba masana'antun ɗinki na yankunan da aka yafe wa haraji, da otal-otal na Punta Cana a ƙasar da ta karɓi baƙi miliyan 10 a 2023, sai ya tattara. Wani ya wuce New York, inda unguwar Washington Heights ta zama kamar wani lardin Dominika. Matan kudu maso yamma da yawa sun tafi Sifaniya aikatau. Kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa gida ya haura dala biliyan 10 a shekara, wanda kuɗin gahawa ko kusa da inuwarsa bai zo ba. Tsohon da 'yarsa ke turo masa dala duk wata ba zai kashe kansa a kan gangare ba. Gayya ta mutu, don babu samarin da za a gayyata.

To wa ke tsinkar gahawar? 'Yan Haiti. A nan maganar ke da nauyi, kuma 'yan Dominika da yawa ba sa son a taɓo ta. Noman ƙasar, daga rake da ayaba da shinkafa har gahawa, ya dogara ne da leburorin Haiti, yawancinsu ba su da takardu, ana biyansu gwargwadon akwatin da suka cika. Amma dangantakar ƙasashen biyu cike take da miki: kisan kiyashin da shugaban kama-karya na Dominika, Rafael Trujillo, ya sa aka yi wa dubban 'yan Haiti a kan iyaka a 1937, hukuncin kotun tsarin mulki na 2013 da ya tuɓe wa dubban waɗanda aka haifa a ƙasar 'yancin zama 'yan ƙasa, sai kuma sanarwar gwamnatin Luis Abinader a Oktoban 2024 cewa za ta riƙa korar har mutum 10,000 a mako. Manomin da ya yi wa korar tafi a gaban talabijin, shi ne kuma zai fito yana neman wanda zai tsinke masa gahawa kafin ta zube. Ita kanta ƙwayar ta daɗe tana tsallako iyaka a bayan alfadarai daga gonakin Haiti, ta shige buhu ta zama 'yar Dominika. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba a zauna an naɗe hannu ba. A 2017 aka yi dokar da ta maye gurbin tsohuwar majalisar gahawa, CODOCAFE, da sabuwar cibiya mai suna INDOCAFE. Gwamnatin Danilo Medina ta raba miliyoyin dashe masu jure tsatsa, ta kuma buɗe ayyukan dashen itatuwa da gahawa a tsaunukan kudu. Waɗannan sababbin nau'o'i, dangin Catimor da makamantansu, jikokin wata bishiya ce da aka tsinta a tsibirin Timor, inda arabika da wani nau'in gahawa da ake kira robusta suka yi barbara da kansu, ta gaji garkuwar robusta. Suna da gajarta, suna ba da 'ya'ya da yawa. Amma tsugune ba ta ƙare ba. Suna cin taki fiye da tsohuwar Typica, masu ɗanɗano da yawa na ganin ba su kai ta daɗi ba, kuma garkuwar ba ta har abada ba ce: a Honduras nau'in Lempira, wanda aka dogara da shi, an tabbatar a 2017 cewa tsatsa ta fara cinsa. Sannan dashe sai ya shekara uku zuwa huɗu kafin ya ba da abin kirki. A ba mutum mai shekara sittin da biyar dashe kyauta a ce ya jira, ba a gaya masa abin da zai ci kafin nan ba, ai an ba shi rabin taimako ne.

Wata hanyar ita ce a sayar da suna maimakon yawa. Gahawar Valdesia, daga lardunan San Cristóbal da Peravia da San José de Ocoa, ta sami rajistar kariyar sunan asali a Tarayyar Turai a 2016, ma'ana babu mai sa wannan suna a leda sai wanda ya noma a can bisa ƙa'idar da aka shimfiɗa. Barahona ma tana da nata sunan, kuma garin Polo na yin bikin gahawa da ake kira Festicafé. Ƙungiyoyin manoma irin su FEDECARES a kudu suna haɗa amfanin mambobinsu su sayar kai tsaye, su tsallake dillali. Wannan na aiki, amma ga wanda gonarsa ke da tsayi, yake da inda zai shanya da kyau, yake cikin ƙungiya mai riƙon amana. Ba kowa ba ne. Ko da farashin arabika ya haura dala 4 a laba a kasuwar New York a Fabrairun 2025, abin da ba a taɓa gani ba, wanda ya ci riba shi ne wanda ke da abin sayarwa. Ga ƙasar da ke saye daga waje, tashin farashin ya fi zama ƙarin kuɗin ƙullin leda a colmado. Turai kuma ta fito da dokar da ke neman a nuna taswirar kowace gona a tabbatar ba a sare daji ba bayan ƙarshen 2020, wani sabon nauyi a kan mutumin da ko takardar gonarsa ba shi da ita.

Wani zai ce, to mene ne na damuwa? Ƙasar na da koko da take fitarwa da yawa, tana da yawon buɗe ido, tana da zinariya. Ta sayi gahawa daga Biyetnam ta huta mana. Da gahawa ce kawai abin da gonar ke samarwa, da na yarda. Amma manyan kogunan ƙasar, Yaque del Norte da Yaque del Sur da Yuna da Nizao, duk daga tsaunukan nan suke tasowa. Madatsar Valdesia da ke kan kogin Nizao tana cikin manyan hanyoyin ruwan shan Santo Domingo, kuma a saman kogin akwai madatsun Jigüey da Aguacate masu ba da wutar lantarki. Gangaren da ke zuba ruwa cikin waɗannan madatsu su ne gonakin gahawar Los Cacaos da Ocoa. Gona mai hawa uku ta inuwa tana yin kusan abin da daji ke yi: ganye ya tare ƙarfin ruwan sama, ruɓaɓɓen ganye ya shanye, saiwa ta riƙe ƙasa, ruwan ya riƙa tsattsafowa a hankali har rani. Ƙasar ta san darajar itace. Tun 1967 shugaban ƙasa na lokacin, Joaquín Balaguer, ya rufe injinan yankan katako, kuma tun 1979 shirin Plan Sierra ke aiki a San José de las Matas yana amfani da gahawar inuwa wajen rufe gangaren da suka tsiraita.

Idan manomi ya haƙura da gahawa, gonar ba ta zama fanko. Wani ya sare inuwar ya shuka wake a kan gangare, damina biyu ƙasar ta wanke ta gangara madatsa ta zama laka. Wani ya mai da ita makiyayar shanu. Wani ya sayar wa mai kuɗi ya dasa fiya zalla, wadda kasuwarta ke ci a Amurka, ko ya kafa rumfunan tayota, wani ɗan kabewa mai yaɗo, kamar yadda ake gani a wajen Jarabacoa. Kowanne daga ciki ya fi gahawa kawo kuɗi da wuri, kuma babu wanda ke riƙe ruwa kamar ta.

Ke nan shekara da shekaru mai gahawa yana samar da abu biyu, ana biyansa kuɗin ɗaya. An fara gane hakan. A saman kogin Yaque del Norte akwai shirin da hukumar ruwan birnin Santiago da kamfanin madatsun lantarki da ma'aikatar muhalli ke zuba kuɗi a biya masu gona don su bar daji da gahawar inuwa a tsaye, kuma a 2018 aka yi dokar ƙasa ta biyan irin wannan hidima. Sai dai shirin bai kai ga mafi yawan masu gahawa ba, kuma a nan ma ana son mutum ya nuna shaidar cewa filin nasa ne. Manomin da ke Los Cacaos, wanda daga bakin gonarsa yana hango ruwan madatsa, lissafinsa ba mai tsawo ba ne: nawa tarea ɗaya ta gahawa za ta ba shi bayan shekara huɗu, idan tsatsa ba ta dawo ba kuma ya sami mai tsinka, nawa kuma mai fiya ya ce zai ba shi a kan filin kafin ƙarshen wata.